Rasuwar Ragar Romanus

Da zuciya mai nauyi da baƙin ciki, ni Ɗanasabe, mai dakon buhunan auduga a nan Funtuwa, nake sanar da jama'a rasuwar ragarmu ta wasan ƙwallon raga, wanda ake bugawa da hannu ta samanta. Ta cika yau Laraba da hantsi. Hadari yana haɗuwa ta wajen Bakori, iska ta kaɗa, igiyarta ta ce tas, ta kwanta.

Marigayiya ba 'yar garin nan ba ce. Romanus, ɗan mai shagon kwanuka, shi ya zo da ita a jirgin ƙasa. Muka ɗaura ta a gefen gonar Malam Buba, wanda ya ce muddin tana tsaye ba zai sa garma a wurin ba.

Mai kamun kai ce ƙwarai. Ba a taɓa ta ana cikin wasa, ko da bakin riga ne. Ba a zura ƙafa ta ƙarƙashinta a shiga gidan abokan karawa. Ɗan wasan layin baya kuwa, kome tsawonsa, ba ya zuwa gabanta ya yi tsallen tare ƙwallo. Ba ruwanta da ɗan wane ne kai. In ƙwallo ya faɗa mata sai ta ce fuu, iyakar faɗanta ke nan.

A gabanta na koyi tarewa. Romanus ya nuna mini: kafaɗa da kafaɗa, a tashi tare, yatsu a buɗe, kada a bar ƙofa tsakanin hannuwa. Ni mai nawa ne, sai ya dira nake tashi, yana dariya yana kirana jirgin kaya. A hankali dai muka daidaita, har ƙanensa Benedict mai zafin duka ya rasa ta inda zai wuce mu.

Ciwon ajalinta ya faro shekarar tashin hankali, da su Romanus suka koma Kudu ba shiri. Romanus ya bar mini ita, ya ce kada a sauke ta, zai dawo. Sauran 'yan wasa kowa ya kama gabansa. Damina biyu ta yi a waje, ina bin ɓarakarta da zaren buhu. Da la'asar nakan jefa ƙwallo ya tsallaka, in zaga ta bayan dirka in ɗauko, tunda ba a bi ta ƙasa.

Ta bar dirkoki biyu, da ƙwallo mai faci, da usur ɗin Benedict wanda ba mai busawa, sai ni.

Za a kai ta makwancinta gobe bayan la'asar, gindin ɗorawar bakin gonar. Ni zan naɗe ta, yanzu ba laifi in an taɓa. Ba sai an taru ba, mutum ɗaya ya isa ɗaukarta. Ran Asabar Malam Buba zai sa garma, haƙƙinsa ne, ya ma yi haƙuri.

Har yau ban ji ɗuriyar Romanus ba. Duk direban da ya yi Kudu ya gamu da shi, don Allah ya gaya masa ba sauke ta aka yi ba, da kanta ta faɗi.

Na riga na tuge dirkokin, na cike ramukan da ƙasa na daddanne, kada saniyar noma ta karya ƙafa. Malam Buba ya zo wucewa a keke, ya duba, ya yi gaba.