Roƙon A Saka Ni Cikin Littattafan Kyauta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Littattafan Kyauta na Kwalejin Kuka Bakwai, Allah ya ƙara maka lafiya.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, na ji a rediyo kun zuba littattafanku a intanet, kowa ya ɗiba kyauta. Madalla. Sai dai ina da 'yan koke-koke.

Na ɗaya: na ɗauko buhu biyu, na shiga mota tun daga Gagarawa Tasha don in kwaso rabona. Ma'aikaciyarku, Malama Juwairiyya, ta miƙo mini 'yar takarda mai zanen ɗigo-ɗigo baƙaƙe, wai in haska da waya, littafi dubu uku na ciki. Na dawo da buhuna wayam. Maƙwabciyata Talatu ta ga takardar ta ɗauka hatimi ne, ta ɗinke shi a laya ta rataya wa akuyarta. Yanzu akuyar nan ta fi kowa ilimi a unguwarmu. Haka kuka nufa?

Na biyu: wai kowa na iya gyara littafi ya ƙara nasa. A zamaninmu na ja layi ɗaya a gefen shafi, hedimasta ya yi mini bulala shida. Wa zan kai wa ƙara?

Na uku, wanda ya fi ci mini rai: a da ɗalibanku kan zo zaurena duk Alhamis aron littafin labarin ƙasa da ke akwatina. Su zauna, mu ci gyaɗa, su yi mini musu, in kayar da su. Tun da kuka yi wannan alheri, wata biyar ke nan ba wanda ya yi mini sallama. Gyaɗar ma ta yi ƙwari.

Don haka ina roƙo a rubuta sunana cikin jerin kayan karatun kyauta. Ba na cin data. A buɗe nake daga hantsi zuwa la'asar, ban da lokacin ƙailula. Batirina ya yi rauni, gaskiya, amma kofin shayi ɗaya kan tashe shi. Gyara kuwa, na yarda a gyara ni, in an iya.

In kuma dokarku ta ce sai mai ɗigo-ɗigo, a aiko da takardar, zan manna a goshi. Su dai zo su haska. Na shimfiɗa tabarma.

Naka mai biyayya har ƙasa, in gwiwa ta yarda,
Abdulmuttalib Ɗantsoho,
Tsohon malamin firamare, Gagarawa Tasha.