Wa Ke Yi Mini Barbaɗe a Ɗaki?

Ba zan taɓa mantawa da daminata ta farko a gidan miji ba, kuma ko na so in manta, akwai tsofaffi a Rurum Tsohon Gari da ba za su bar ni ba. Daminar nan ce da ake ta zancen Turawa za su tattara nasu ya nasu su bar mana ƙasa. Maza suna ƙofar gida suna ta gardama a kan wanda zai riƙe mulki, ni kuwa ina cikin ɗaki ina fama da ƙura.

Daga Nariya aka kawo ni, da jere na gani na faɗa: tasoshi, da kwanuka masu fure, da gadon ƙarfe mai rumfa. Ni kuwa Allah ya yi ni da son a yaba. In baƙuwa ta shigo ta fita ba ta ce komai a kan ɗakina ba, ranar ko tuwo ba ya yi mini daɗi. To ana cikin haka sai na fara ganin wata ƙura fara-fara mai laushi, kamar garin da aka tankaɗe, a kan murafen kwanuka da kan shimfiɗa ta wajen kai. In goge da safe, kafin la'asar ta dawo. Da rani ne da ban damu ba. Amma damina ce ta yi tsakiya, tsakar gida duk caɓi, ko kaza ta yi tono ba ta tayar da komai.

Babu dabarar da ban yi ba. Na saki asabari a ƙofa, na toshe 'yar tagar da tsumma, na hana kowa shigo mini da takalmi. Shara kuwa safe da rana da yamma, da busasshiyar tsintsiya da iyakar ƙarfina. In tayar da ƙura ta hau sama, in zauna ina haki ina tari, ita ma ta sauko ta zauna tare da ni. Na gaya wa maigidan, ya ce wataƙila gara ce ta shiga azara, ko daɓen ne ya fara tashi, in yi haƙuri a gama noma. Na duba azara ban ga hanyar gara ba. Daɓe kuwa ya sha makuba, sumul yake.

Daga nan zuciya ta fara saƙa mini abin da ta ga dama. Dama ranar da za a kawo ni Iya ta ja ni gefe ta ce, "Gidan yawa za ki. Ki buɗe ido, ki rufe baki, kuma ba duk abin da kike da shi za ki nuna ba." (Na riƙe na farko da na ƙarshe gam, na tsakiyan ne ya suɓuce mini.) Sai na ce a raina wannan ba ƙura ba ce, barbaɗe ake yi mini don a fitar da ni daga gidan.

Na bi matan gidan ɗaya bayan ɗaya. Inna, uwar maigidan, ba ta da lokacin kanta balle nawa. Hansai, matar wansa, tana fama da tsohon ciki, ko sunkuyawa ba ta iyawa. Saura Gwaggo Tabawa, ƙanwar babansa, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida, ba ɗa ba jika. Ba ta da yawan magana, kuma in na gaishe ta sai in ga idonta yana kan daɓen ɗakina. Wata safiya ta ce, "Amarya, tarin nan naki bai sake ki ba ko?" Na ce a raina: Yaya aka yi ta sani? (Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata, kuma tarin da nake yi ko a zaure ana ji.)

Sai kuma ga sabon abu. In na fita daka na dawo, sai in tarar da ɗigo-ɗigon ruwa a daɓe, tun daga bakin ƙofa har gindin gado. Na ce shi ke nan, barbaɗe ta sama, yayyafi ta ƙasa. Na fara tattara garin nan ina ƙullewa a ƙyalle don ranar shaida. Na daina cin duk abin da ya fito daga hannun Gwaggo. In ta aiko mini da ɗan wake ko dambu, sai in zuba wa wata kazar Inna, in wuni ina leƙenta ko za ta kife. Kazar nan ta yi ƙiba har tafiya take da ƙyar, ni kuwa na rame.

Hansai ta sauka lafiya, aka shiga shirin suna. Inna ta leƙo ɗakina ta ce, "Amarya, ko da sauran wake cikin abin da aka kawo ki da shi? Za a yi ƙosai, namu bai kai ba." Na sunkuyar da kai na ce, "Wallahi Inna ya ƙare tuni." (Bai ƙare ba. Kwando guda cur na rataye a ragaya, can sama ta bayan rumfar gado, na kifa masa faifai, ina tanadin in fara sana'a in na gama amarci. Tun da na rataye shi ban ƙara waiwayarsa ba.) Inna ta ce ba komai, ta aika maƙwabta aka samo.

Ranar suna gida ya cika da mata, har da ƙanwar Iya da ta zo daga Nariya. Ganin ina da nawa a kusa ya ƙara mini ƙarfin hali. Ina bakin murhu ina juya ƙosai, ido ɗaya a kasko ɗaya a ƙofata, sai na ga Gwaggo ta ɗaga asabari ta shige da ƙoƙo a hannu. Na yar da tsinken juyi na bi ta. Na tarar da ita a duƙe, tana tsoma yatsu a ƙoƙo tana yarfawa a ƙasa.

Ban san ina da murya haka ba sai ranar. Na ce, "Yau dai Allah ya kama ki, Gwaggo! Me na tsare miki a gidan nan?"

Kafin ta miƙe ɗaki ya cika, waɗanda ba su sami wuri ba suna leƙe ta kafaɗar na gaba. Na zaro ƙullin nan daga ƙarƙashin matashi na kwance a gaban Inna. Na zayyana komai, ƙura da ɗigon ruwa da tari, har da zancen kaza. Na ce in an gaji da ni a faɗa mini, ga ƙanwar uwata nan sai ta tafi da ni.

Gwaggo ta miƙa wa Inna ƙoƙon. Ta ce, "Ruwan randa ne, Yaya. Na ga yarinyar nan tana shara a bushe tana shaƙa, na ce in na faɗa mata za ta ga kamar na raina tsabtarta. Shi ne nake ɗan yayyafa mata ƙurar ta kwanta. Yau kuma baƙi za su shigo ganin ɗaki."

Inna ta kurɓi ruwan a gaban kowa. Sannan ta ɗebi garin ƙullina da yatsa biyu, ta murza, ta sansana, ta ɗora a harshe. Ta ce, "Wannan ai wake ne." Ta ɗaga kai tana bin azara da kallo, mata duka suka ɗaga nasu, ni kaɗai nake kallon ƙasa. Wata doguwa cikin dangin Hansai ta karɓi muciya ta zunguri kwandon. Gindinsa dama ya gama cinyewa. Ni ce a tsaye daidai ƙarƙashinsa.

Gari ya rufe ni tun daga ɗankwali har ƙafa, wake duk huji yana gangarowa ta wuyan rigata, ƙwari suna tashi suna bin fuskokin baƙi. 'Yar manoma ce ni, na san wake ba ya zama sai da toka ko barkono, amma tun da na sami wadda zan ɗora wa laifi ban ƙara neman dalili ba. Ba ka jin komai sai atishawa nan da can. Inna ta dube ni ta ce, "Ashe wanda ya ƙare ɗin ke nan." Ƙanwar Iya ta ja mayafi ta rufe fuska. Can waje kuma ƙosan da na bari a kasko ya ƙone ƙurmus.

Washegari na je na durƙusa a ƙofar Gwaggo ina kuka, da gaske wannan karon. Ta ce ta yafe. Ita ce ma ta koya mini abin da ya kamata in tambaya tun farko: a yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya, a goge kwano da jiƙaƙƙen tsumma, a kakkaɓe tabarma a waje, kuma kada a haɗa wurin kwana da wurin ajiye hatsi. Tari ya tafi, ɗaki ya yi fes. Amma duk wannan daga bakin ƙofa ta koya mini shi. Har Allah ya karɓi ranta, Gwaggo Tabawa ba ta ƙara sa ƙafa a ɗakina ba. Ko da na haihu, a tsakar gida ta zauna aka miƙa mata jaririn. Wannan ya fi dariyar da aka yi mini ciwo, kuma har yau yana yi.

Yanzu in jikokina mata suka zo mini da ƙorafin wai wance ta sa musu ido a gidan miji, ba na musa musu, don mugaye suna nan. Sai dai nakan ce kafin a tara jama'a, a fara sauke abin da aka rataye da hannun kai, kuma in za a zungure shi a matsa gefe.