Littafin Ramlatu a Ɗakin Badamasi

Ta jikin bango Ramlatu ta jiyo gardamar. Badamasi direba, ɗan gwaggonta, yana musu da Romanus mai haya a gidansu.

"Na ce maka tired ne!"

"Tiring ne, Oga! Kaka is tiring!"

Ramlatu ta ajiye tsintsiya. Ita ta ƙirƙiri wannan jimla, ta rubuta a littafin shirin darasinta da ya ɓace tun Talata. Gobe Litinin kuma mai makaranta za ta duba littattafan malamai, ta ce duk wanda ba shi da nasa ya nemi wani aikin.

Ta zagaya ta banka labule. Romanus ya sulale.

"Sannu, bawana. Ashe kai ne ɓeran."

"Maraba da 'yar kawu. Kayan taubashiya ai halal ne."

"Halal ɗin gidanku. Na tuhumi 'yan aji, na birkice akwatin Kaka, har Lambata na bi mai Keke Napep ko a ciki na bar shi!"

"Da kin faɗa mini ai da na kai ki kyauta."

"A wannan akwalar taka da sai an tura?"

"Akwalar da ta kai ki ɗaukar albashin farko, marar godiya. Kuma littafin naki duk Kaka ce da akuya. Kaka ta gaji jiya, tana gajiya yau, za ta gaji gobe. Ku bar tsohuwa ta huta mana."

Ta fizge littafin daga ƙarƙashin cinyarsa, ta buɗe. Duk guraben da ta bari domin ɗalibai an cike su da biro, da rubutu mai kama da sawun kaza.

"Da biro, Badamasi? Me zan nuna wa matar nan?"

"Ki ce ɗalibinki mafi hazaƙa ne."

Tana shirin kwaɗa masa littafin sai wata takarda ta faɗo: gayyatar intabiyu, aikin tuƙi a wani kamfani a Abuja, ranar Alhamis. Ya yi wuf ya taka ta da ƙafa.

Ramlatu ta dube shi. Tun suna aji uku, ranar da ta yi wa Turancinsa dariya a gaban mutane, bai sake furta kalmar Turanci a gabanta ba. Ta ciro jan biro daga gashinta, ta bi shafin a tsaye.

"Ashirin da shida cikin arba'in. Romanus ne ya kayar da kai a biyar."

"Na faɗa masa!"

"Yau za ka zauna ka ja mini layi a sabon littafi, in kwafe. Gobe bayan la'asar ka zo darasi da kujerarka, jaki."

Ya yi dariya, ya rako ta bakin ƙofa, ya rage murya.

"Kada Innata ta ji. Ita a saninta, ni na koya miki Turanci."