Yadda Za Ki Yi Gudu Ba a Zo Bikonki Ba

'Yata, ajiye tsintsiyar nan ki zauna. In kika bi matakan da zan zayyana miki ɗaya bayan ɗaya, na ɗaukar miki alkawari uku: za ki iya gudun kilomet goma sha biyu, jininki zai sauka, aurenki kuma zai tsaya inda kika bar shi. Kada ki tambaye ni ko na taɓa gudu. Sau ɗaya na yi, shekarar da bijimi ya tsinke a kasuwar Sassumbrum, kuma ban yi nisa ba Allah ya haɗa ni da bishiya. Wannan ilmi a jikin surukata Rakiya na koye shi, matar ɗana Maikuɗi, nan garinmu Bande. Ba shi ne ɗan farina ba, don haka zan kira sunansa yadda na ga dama, in kuma faɗi abin da ya yi.

Mataki na 1: Ki nemi dalili mai hatimi

Babbar mace ba ta gudu haka kawai. A garinmu in aka ga uwar 'ya'ya biyar ta sheƙa, ko gobara ce, ko maciji, ko kuwa kai ne ya taɓu. Don haka ki fara da likita.

Rakiya ba ta nemi dalili ba, shi ya neme ta. Tana daka ran nan jiri ya ɗebe ta, ta faɗi gefen turmi. Muka kai ta wurin majo, babban malamin asibitinmu, ya ɗaura mata ƙyalle a damtse, ya busa, ya dubi agogon abin, ya ce tansiyo goma sha takwas. Hawan jini ke nan. Ya tambaya ko akwai mai irinsa a gidansu. Ni na amsa, don kowa ya san uwarta shekara huɗu ke nan tana kwance a Garin Kolo, rabin jikinta ya shanye.

Majo ya ba da ƙwaya, ya ce a rage gishiri da kanwa, kuma kullum ta yi tafiya har gumi ya keto. Ya rubuta a takarda ya buga hatimi. Ki riƙe irin wannan takarda da kyau. Ba mai iya karanta rubutun majo, har shi kansa, shi ya sa ba mai musu da ita.

Mataki na 2: Ki fara da tafiya, tukunya za ta koya miki sauran

Kada ki ce za ki yi gudu ranar farko. Ki fita bayan sallar asuba, ki zagaya bayan gari, ki dawo. Sirrin shi ne ki ɗora wake a wuta kafin ki fita. Duk macen da ta san wakenta na kan murhu, ƙafarta za ta ɗau sauri ba da izininta ba. Wata biyu Rakiya na haka, tafiya ta koma sassarfa, sassarfa ta koma gudu, sai ga ta tana dawowa waken bai ma nuna ba.

Batun tufafi kuwa, wando a ciki, zane a sama, hijabi gajere. Takalmi ki ɗauki na 'yarki, wanda take zuwa lakwal da shi, makarantar boko. In ta yi magana, ki tuna mata wata tara da ta yi tana hawa kanki ba takalmi.

Mataki na 3: Kowace hanya ki bi, ban da ta gidan ubanki

Nan ne Rakiya ta yi kuskure, kuma ki buɗe kunne.

Da bayan gari ya yi mata kaɗan, sai ta ce bari ta miƙe Garin Kolo. Kilomet shida ne ta cikin gonaki, ƙafarta ta san kowane kututture, ga shi za ta ga uwarta. Ta dama fura ta zuba a gora, ta ƙunshe a ɗankwali, ta goya a baya don kada ta yi ta kaɗawa.

To, ke ki duba da idon mutanen gari. Matar aure, da sassafe, da ƙunshi a baya, fuska jiƙe sharkaf, tana gudu, ta nufi gidan ubanta. Ko ni da na san zancen, da na hango ta sai da na yi salati. Wannan ai yaji ne cikakke, ba abin da ya rage sai kukan yara.

Mataki na 4: Ki iya bakinki wurin gaisuwa

Ba a wuce dattijo a guje, kuma majo ya ce in jiki ya ɗau zafi kada a tsaya. Sai ki zaɓi wanda za ki saɓa wa. Shawarata, ki rage gudu, ki ɗan rusuna, ki ce "Ina kwana, Baba, lafiya lau, aikin likita ne," ki wuce. Kalma ɗaya kada ki ƙara.

Rakiya ta ci karo da Baffa Usaini, ƙanen marigayi mijina, yana zaune bakin gonarsa yana gyara hauya. Ya ce, "Ke Rakiya, lafiya? Tsaya mana."

Ta ce, tana haki, "Ka yi haƙuri, Baffa, ba zan iya tsayawa ba."

Kafin maganar ta kai masallaci ta koma "ba zan iya zama ba." Kafin ta kai wurin mai shayi, an ga hawaye. Kafin ta iso tsakar gidana, wata ta rantse ta ga shatin yatsu a kumatu.

Mataki na 5: In aka tashi biko, kada ki hana

Na ce musu gudun likita ne. Baffa Usaini ya ce, "Ƙande, ke dai kina rufa wa ɗanki asiri." Ya sa aka ɗaura amalanke, aka sayo goro, ya ɗauki na'ibin liman, ya tisa Maikuɗi gaba. Shi Maikuɗi ya san da zancen majo sarai, amma bai san da Garin Kolo ba, kuma mutum goma suka ce masa sun ga hawaye, sai ya fara tuno laifuffukansa.

Suka bi hanyar amalanke. Ita kuwa ta riga ta ba uwarta fura ta juyo ta hanyar ƙafa. Ba su haɗu ba.

Uban Rakiya, Malam Kolo, tsoho ne mai son dariya amma fuskarsa ba ta nunawa. Ya ga baƙi da goro, ya shimfiɗa tabarma. Baffa ya ce sun zo ba da haƙuri. Tsoho ya karɓi goro ya ɓare ɗaya, ya ce, "To, Maikuɗi, faɗi da bakinka. Me ka yi mata?"

"Baba, ina jin zancen dangar banɗakinta ne. Damina biyu ke nan tana cewa in gyara."

"Ba wannan ba."

"Ko da na ce miyarta ba gishiri, gaban baƙi?"

"Majo ne ya hana ta. Ci gaba."

"Baba, tunkiyar da na ce kura ta ɗauke, kasuwar Mallawa na kai ta na sayar."

Tsoho ya ce, "Madalla. Wannan ma ban sani ba. Matarka kuwa ta zo ta gaida uwarta, ko zama ba ta yi ba ta koma. In kun yi sauri kwa tarar da wake da zafinsa."

Kin ga amfanin biko. A rana ɗaya aka gyara danga, aka samo labarin tunkiya.

Mataki na 6: Ki sani namijin da aka yi wa dariya ya fi jaki taurin kai

Sati guda Maikuɗi bai zauna majalisa ba. In ya wuce sai wani ya ce, "Mai biko, ina kura?" Ranar Juma'a ya shigo ya tsaya tsakar gida, ya ce, "Rakiya, daga yau ƙafarki ba ta ƙara gudu. Ki sha ƙwayarki ki zauna kamar kowace mace."

Ta ce, "Malam, majo ya ce ƙwaya kaɗai ba ta isa."

"Majo ne ke aurenki?"

Ta zauna. Sati uku ina kallonta. Ta fara ɗaure kai da ɗankwali tamau, tana runtse ido in ta miƙe, tana saka gishiri a shayi a madadin sukari. Na ja ta zuwa asibiti, majo ya busa ƙyalle, ya ce goma sha tara, ya dube ni kamar ni na hau da shi. Na yi wa Maikuɗi magana a ɗaki. Ya ce, "Inna, ke ba a kiranki mai biko a kasuwa." Na ce ashe kunne na haifa, ba ɗa ba.

Mataki na 7: In za ki yi yaji na gaskiya, ki yi haƙuri da abin da za ki gani

Ranar kasuwar Sassumbrum, da hantsi, Rakiya ta ɗaure kayanta a zane, ta ɗora a ka, ta durƙusa ƙofar ɗakina ta ce, "Inna, ni na tafi gida." Na ce ta gaida mutan gidan. Ta fita a hankali, tana jan silifa, tana kuka na gaske.

Ba wanda ya yarda. Mata a bakin famfo suka ce, "Sannu da aikin likita." Mai shayi ya ce, "Yau kin makara." Baffa Usaini ya ɗago daga gonarsa ya ce, "An ƙara miki kaya ke nan? Allah ya ba da lafiya."

Maikuɗi ya dawo azahar ya tarar murhu sanyi. Ya ruga wurin Baffa. Baffa ya ce, "Sau ɗaya ake sa ni ɗaura amalanke." Na'ibin liman ya ce yana da ɗaurin aure. 'Yan kabu-kabu masu haya da babur duk sun tafi kasuwa. Ya dawo wurina yana zancen inda zai samu goro.

Na ce, "Ƙwayarta ga ta can kan taga, ta manta. Ta fita cikin ranar nan da ɗaurarren kai. Uwarta ma ranar da ta faɗi haka ta ɗaure kai. Kai dai tsaya neman goro."

Ya ɗauki ƙwayar. Ban taɓa sanin ɗana na da gudu ba. Da babbar riga, da hula a hannu, ya keta gonar wake ya ɓace.

Abin da ya faru can, Malam Kolo ne ya ba ni labari. Ya ce Maikuɗi ya faɗo zaure ba sallama, takalmi ɗaya, bakinsa na buɗewa yana rufewa kamar kifin da aka fitar daga tafki. Tsoho ya ce, "Wannan karon ba goro?" Ya nuna masa cikin gida.

Rakiya na zaune kan tabarma, ta ɗora hannun uwarta a cinya tana murza shi da man gyaɗa. Maikuɗi ya miƙa mata ƙwayar. Ta karɓa ta ajiye.

Ta ce, "Malam, dubi hannun nan. Shi ya yi mini kitso ranar da aka kai ni gidanka. Shekara huɗu ke nan ɗaga shi ake yi a ajiye. In nawa ya koma haka, wa zai riƙa ɗaga shi? 'Yan majalisa?"

Ya dubi hannun tsohuwa. Da numfashinsa ya dawo, ya ce, "Ƙarfe nawa kike fita?"

"Bayan asuba."

"Dole sai nan? Ba wata hanya gajera?"

"Nan uwata take."

Mataki na 8: Ki tara jama'a

Mace ɗaya a guje abin magana ce. Mata bakwai a guje, sai a matsa a ba su hanya. Maƙwabciyarmu Hafsat ce ta fara bin Rakiya don ciwon suga, sai Saliha don gwiwa, sai Balkisu don ta ji abin da ake faɗa a hanya. Yanzu Talata da Asabar suna zuwa Garin Kolo su dawo. Ana fitar da tsohuwa, uwar Rakiya, ƙofar gida ta zauna jiransu, tana ƙirga su da hannunta mai lafiya, wadda ba ta zo ba sai an faɗa mata dalili.

Maikuɗi na biye da su can baya. Ya ce wa majalisa tsaron karnuka yake yi. Ba a taɓa ganin karen da ya jira shi ba.

Watan jiya majo ya busa ƙyalle a damtsen Rakiya, ya ce goma sha huɗu. Ya sake busawa, ya ce goma sha huɗu ne dai.

Kafin ki tashi

Ni Ƙande ba likita ba ce, ba alƙali ba ce. In gwiwarki ta kumbura, in wakenki ya ƙone, in mijinki ya tona asirin kansa gaban ubanki, kada a kawo ƙarata wurin maigari, zan ce ban san ki ba. Haka kuma ba ruwana da abin da ya samu Balkisu. Makon jiya ta yi faɗa da mijinta ta tafi gidansu da gaske, kwana uku tana zaune tana jiran goro, shi kuwa yana ta faɗa wa mutane matarsa ta fi kowa nisa a gudu. Duk wadda ke son a yarda da yajinta a Bande yanzu, sai ta hau kabu-kabu.