Laftof ɗin da Baragurbi Ya Kashe a Roni

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da abin da ba na yi wa maƙiyina fatan shaƙa, ni Muhsin Daudu na garin Roni, a madadin mahaifiyata Inna Shatu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar baƙar kwamfutarmu laftof, wadda aka fi sani a gida da Ta Jamalu. Ta cika ranar Talata a kan teburin mai gyara a Kazaure, bayan gajeriyar jinya mai wari.

Marigayiyar gado ce daga yayana Jamaluddeen, wanda muka rasa a hatsarin mota a hanyar Babura. Jamalu mutum ne mai fara'a da ya ɗora wa kansa wata jaraba: zanen Japan mai motsi, wanda samari ke kira anime, kuma duk cikinsu sai ya zaɓi mafi baƙin rai. Ya zauna ya fassara shi da Hausa kashi bayan kashi, ya ɗora muryarsa a kai. Wannan fassarar ce kaɗai wurin da muryarsa ta rage mana a duniya, kuma a cikin marigayiyar take.

Ba zan yi ƙarya a takardar mutuwa ba: fim ɗin ƙazanta ne. Rana ta dushe, teku ya ƙafe, birane sun zama tsatsa, mata sun daina haihuwa. Wata yarinya mai hannun ƙarfe tana ta tafiya neman rijiya ta ƙarshe, duk wanda ta gaisa da shi kafin a rufe kashin ya mutu, wasu ma narkewa suke yi kamar man shanu a kasko. Babu jarumi, babu darasi, babu ko wanda ya ci abinci ya ƙoshi. Ni malamin gona ne, aikina a Gwiwa shi ne in ce wa mutane su shuka za ta fito. Sau da yawa nakan kalli abin in yi tsaki, sannan in danna kashi na gaba.

Marigayiyar ta kasance mai haƙuri da riƙon amana. Ta jure wutar sola, ta jure jijjigar babur, ba ta taɓa mantuwa da abin da aka ba ta ajiya ba. Za mu riƙa tuna gurnanin fankarta, da 'yar ƙarar da take yi in an buɗe ta kamar tsohuwa za ta miƙe. Fiye da komai za mu tuna abin da ke fitowa daga bakinta. Jamalu shi ne yarinyar, shi ne tsohon makaho, shi ne mutum-mutumin da ke tare hanya yana cewa, “Sannu da ƙoƙari, 'yan mata, amma aikin banza kike yi.” Wani wurin gari guda na ƙonewa, sai ka ji dariya ta ƙwace masa, ya yi gyaran murya ya ci gaba. Aibinta ɗaya ne, zafin jiki. In ta yi aiki kaɗan, sai ka iya ɗumama tuwo a gefenta.

Wannan zafin ne ajalinta. Ashe duk ranar da na tafi aiki, Inna kan shiga ɗakina ta kunna ta. Ba ta taɓa kallon zanen ba, ta ce hotunan aljanu ne. Baya take juya masa ta zauna tana tsince wake tana sauraron ɗanta yana shelar cewa babu gobe. A daminar nan ta sa wa kazarta ƙwan zabi, kwanci ya yi nisa sai muzuru ya ɗauke kazar. Inna kuwa ba ta yarda da asara. Ta taɓa marigayiyar ta ji ɗumi, ta jera ƙwan a kan madannanta, ta lulluɓe da tsohon zani, kullum kafin in dawo ta kwashe su ta kai bakin murhu. Haka na'urar da ta ƙare rayuwarta tana nuna duniyar da ba a haihuwa ta koma kwancin ƙwai, ba tare da an nemi shawararta ba.

Ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Baragurbi suka zama, kuma ranar Litinin da rana tsaka babbansu ya fashe, ƙannensa suka bi bayansa. Abin da ya tsiyaya cikin madannan kore ne da ratsin toka. Tun daga bakin zaure na ji shi, na ɗauka akuyar maƙwabta ce ta mutu a lungu. Inna, cikin ruɗewa, ta riga ta tsoma marigayiyar a baho ta cuɗe ta da garin sabulu, ta shanya ta a kan katanga, sannan ta jona ta a wuta don ta ga ko ta farfaɗo. An ga hayaƙi.

Muhammadu Lawal mai gyara ya kwance ta da hannu ɗaya, ɗayan yana toshe da hancinsa. Da ya ɗaga murfin, maƙwabcinsa mai shayi ya kwashe kwanukansa ya koma tsallaken titi. Ya daɗe yana gwada ma'ajiyar cikinta kafin ya ɗago ya ce, “Malam Muhsin, sai haƙuri. Wannan ko Kano ka kai ta, wari kawai za ka kai musu.” Masu shirin tambayar me ya hana a kwafe fassarar tun da wuri su riƙe tambayarsu, don Allah.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai naɗin salatif, da jakar baya wadda wanki ya gaza a kanta, da ƙudajen da suka rako mu tun daga Kazaure. Ta bar ni. Ta bar Inna, wadda ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ƙara taɓa ƙwai ba. Jiya ta kira ni ta ce, “Kai da ka haddace abin nan, faɗa min maganar mai tare hanyar.” Na daidaita murya na faɗa. Ta ce, “Ba haka yake faɗa ba.” Ta tashi ta shiga ɗaki.

An so a miƙa gawar ga 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, ranar kasuwa, amma Inna ta hana, don haka an ɗage jana'iza sai yadda hali ya yi. Gawar tana ɗakinta a kan tabarma, naɗe da zani, a jone da wuta. Za a karɓi gaisuwa a zauren gidanmu daga hantsi zuwa la'asar. Ana roƙon masu shiga wajen Inna kada wanda ya toshe hanci a gabanta.

Ba ma buƙatar goro ko hatsi. Jamalu ya sha tura wa abokansa guntayen fassarar nan, a Babura da 'Yankwashi da Kanya Babba, mafi yawansu suka ce abin ba daɗin kallo. Gaskiyarsu ne. Amma duk wanda bai goge ba, ko guntu ne, ko a tsohuwar waya ce mai fasasshiyar fuska, ya zo mana da ita haka nan. Inna tana ɗaki, kuma har yanzu ba ta yarda a zare cajar ba.