Gwanin Tambulan

Allah ya yi mutane, sannan ya yi Gwanin Tambulan. Kafin zuwansa, a layinmu ruwa kawai muke sha, ashe cikin jahilci muke haɗiyarsa. Sati biyu ya yi yana ɗaukar tire a wani gidan biki, ya dawo da ilimin da ya fi ƙarfin wuyansa.

A falonsa akwai kabad mai gilashi cike da kofunan tambulan, makullin na rataye a ƙugunsa. Ko uwar 'ya'yansa ba ta taɓawa. Ka shiga da ƙishirwa, sai ka sha wa'azi tukuna.

"Dogon nan na lemo ne. Mai ƙugu na madara. Wanda ya zuba shayi a mai siririyar ƙafa, ni da shi sai a lahira."

Ran nan surukarsa ta ƙware da tari, ido ya fito. Gwani na tsaye gaban kabad yana tunanin wane kofi ya dace da tsohuwa. Kafin ya yanke hukunci, baiwar Allah ta kafa baki a famfo.

To, wata tara ba shi da aiki. Ana nan sai aka ce babban otal na neman shugaban masu hidimar teburi. Gwani ya bi ta hannun ƙanin matarsa har manajan ya yarda ya leƙo gidan. Tun safe yake goge kofuna yana hura musu iska.

Manaja ya zauna. Aka yi masa karatun dogo da gajere har leɓensa ya bushe. Daga ƙarshe Gwani ya miƙa hannu can saman kabad, ya sauko da wani guntu mai kaurin gindi, wanda ya tsinta a kasuwar gwanjo. Da hannu biyu ya riƙo shi.

"Ranka ya daɗe, wannan daga ƙasar waje aka aiko mini. Ruwan manya kaɗai ke shigarsa. Ko ni ban taɓa kai shi baki ba."

"Ka kyauta wa kanka," in ji manaja. Ya juya kofin ya duba gindinsa, ga tambarin otal ɗinsa ɓaro-ɓaro. "Namu ne. A banɗaki muke ajiye su, baƙi na tsoma buroshin haƙori. Dozin biyu suka ɓata bara."

Dama gwanin ruwa shi ruwa kan ci.

Matar gidan ce ta tashi ta kawo wa baƙo ruwa a kofin roba na yara. Ya shanye, ya nemi ƙari, ya sa tambulan a aljihu, ya yi sallama.

Aikin dai wani aka ba. Gwani na nan, makulli na ƙugunsa. Sai dai yanzu in ya fara karatu, surukarsa kan ce, "Ɗana, ni dai ba ni wanda bai taɓa shiga banɗaki ba."