Janar Mai Gadin Motopom

Shekarar da soja suka karɓi mulki, fari ya hana kowa sakat, ni kuwa ba ni da zance sai wani wasan ordinater, wato kwamfuta, da nake yi wa talla duk Yamai: ka gina gari, ka yi noma, ka tara rundunar yaƙi. Don haka da Kawu Isufu ya ce in tsare masa garkarsa ta unguwar Gudel zai je jana'iza, har dariya na yi.

"In fangali ya cika, ka kashe motopom, injin ban-ruwan nan," in ji shi.

"Haba Kawu, ni da ke riƙe da birane bakwai?"

Na zauna gindin mangwaro na buɗe ordinater, maƙiya suka far wa ganuwata. Sai da batir ya mutu na ɗaga kai. Ganyen salati ya nutse cikin ruwa, isansin mako guda, man motopom ɗin, ya ƙone, ga Kawu tsaye cikin ruwa, wando naɗe.

Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "An dai ci yaƙin ko?"

Ni aka ci.

Har yau in na ratsa Gudel, masu garka sara mini suke yi: "Janar ya iso, kowa ya tsare motopom ɗinsa!"